Zuwa Ga Auta, Bayan Rasuwar Baba

Tambuwal, Jihar Sakkwato

Auta,

Ya haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya kyautata namu zuwan. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Legas, kuma kasuwar albasa tana garawa.

Na ga saƙonninka, na kuma saurari muryar da ka turo cikin dare. Ka yi fushi don ban turo maka hoton Baba ba, kuma an gaya maka ni na hana yaron gidan Kawu ɗauka sa'ad da ya ɗaga waya a bakin kabari. Gaskiya aka gaya maka. Maganar nan ba ta yiwuwa a waya, kana kuka ina haɗiye nawa, ga kati yana ƙarewa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta a natse. In ka gama da sauran fushi, ka ajiye mini shi sai ka zo.

Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Son ganin mamaci a jinin ɗan Adam yake. Ka tuna muna yara, in za a wuce da makara sai a kora mu cikin gida, mu kuwa mu zagaya mu manna ido a ɓular zana. Har gobe in mota ta faɗi a titin Jega, kafin jami'ai su iso rabin Tambuwal ya riga su, kuma in ka duba da kyau masu ɗauke da ruwa ko zane ba su fi a ƙirga ba, sauran kallo ya kawo su. Mutum tun yana da lafiyarsa ya san zai tafi, ga shi ba wanda ya je ya komo ya ba shi labari, don haka duk inda ya ji an kira wani sai ya miƙa wuya ko zai hango wani abu.

Kuma ba mu muka fara ba. Fir'aunonin Masar sun ƙarar da dukiya da ƙarfin talakawa wajen gina dala da busar da gawa, yau ga gawarwakin nasu a gidan tarihi a Alƙahira, mutane na biyan kuɗi su leƙa fuskarsu. Turawan Ingila a ƙarni na 19, lokacin da na'urar hoto take sabuwa, in yaro ya mutu sukan sa masa tufafi masu kyau a ɗauke shi, sau da yawa ma shi ne hotonsa na farko kuma na ƙarshe. Kakanninmu ma ba a bar su a baya ba. Da aka tona tsofaffin kaburburan sarakuna a Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, a 1907 da kuma 1992, an tarar an rufe su da kayan ado na tagulla da hauren giwa da zinariya, sai ka ce masu shirin biki a wata ƙasa. Kai ma nan inda kake kana gani: a ajiye gawa wata da watanni a ɗakin sanyi, a buga fosta, a yi anko, a kira makaɗa. Ban kawo waɗannan don in raina kowa ba. Kowace al'umma da yadda take lallashin kanta.

Namu lallashin na gaggawa ne, kuma na san gaggawar ce ta cuce ka. Baba ya cika ana kiran assalatu, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, kai kuwa ko da jirgi ne da wuya ka iso ƙauyenmu na Kebbe a wannan tsakanin. Amma abin da na lura da shi ranar nan, wanda ban taɓa lura da shi a jana'izar wasu ba, shi ne addini da al'adarmu ba su ce wa mai son gani ya kau da kai ba. Cewa suka yi: kana son ka gani? To matso, riƙe buta. Wanda duk ya ga Baba a ranar, da aiki a hannunsa ya gan shi.

Bari in ba ka labarin daki-daki, tunda haƙƙinka ne.

Inna da Gwaggo ne a kansa, Baffa yana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba tare da takura masa ba. Gwaggo ta ce ya maimaita, leɓensa ya motsa. Ni rana tana fitowa na iso a kan babur, na tarar an rufe masa ido, an ɗaure haɓa, an lulluɓe shi da farin mayafinsa. Ba a je kasuwa neman likkafani ba. Ka san adakar nan da ba ya bari a taɓa? Yana ciki, wanda ya zo da shi daga Makka shekarar da ya sauke farali, ya wanke shi da zamzam. Ashe duk shekara bayan damina yakan fito da shi ya shanya a ɗaki don kada ya yi fumfuna, Inna tana yi masa faɗa wai yana kiran abin da bai zo ba, shi kuma yana dariya. A ƙarƙashinsa akwai ƙullin kafur da wata takarda da ya rubuta da ajami. Zan zo kan takardar.

Mu uku muka shiga wanka: Liman, da Baffa, da ni mai zuba ruwa. An rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa, Liman ya naɗe hannunsa da ƙyalle. Aka yi masa alwala, aka fara da ɓarin dama, da ruwan dakakken ganyen magarya, na ƙarshe kuma da kafur, yadda muka karanta a Risala a zauren Baban da kansa muna gyangyaɗi. Kafin mu fara Liman ya dube ni ya ce, "Abin da mai wanka yag gani, in alheri na shi hwaɗi, in ba alheri ba a rufe su tare." To ni alheri na gani, don haka zan faɗa maka. Fuskarsa ta saki, wannan tamƙewar da ciwo ya kawo mata a gefen baki ta tafi. Gemunsa fari fat. Tabon laujen nan na babban yatsansa na hagu yana nan, na wanke shi da hannuna. Abin da ya karya mini zuciya shi ne da muka juya shi. Auta, ba shi da nauyi. Mutumin da yake saɓa buhun gero shi kaɗai ya ɗora wa jaki, na tallabe shi da hannu ɗaya.

A maƙabarta tun da safe samari suka tafi da karan dawa da aka auna tsawonsa da shi. Ƙasar bazara ce, diga tana dukanta tana tsalle, sai karɓa-karɓa suke yi, har da yaran da ban san sunansu ba. Kafin a tayar da salla Baffa ya miƙe ya yi shela, duk mai bin Malam bashi ko wanda Malam ke bi, ya same mu. Aka yi sahu, kabbara huɗu a tsaye, aka sallame. Makara kuwa ba wanda ya yi taku goma da ita ba a karɓe shi ba, kowa yana son kafaɗarsa ta samu rabo. Ni da Baffa muka shiga muka karɓe shi, muka kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla, muka sassauta ƙulle-ƙullen. Aka jera itace, aka bi da ganye, aka toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan aka tura sauran. A nan ne yaron ya ɗaga waya. Ban yi masa tsawa ba. Na sauke hannunsa, na miƙa masa tulun da za a yayyafa wa kabarin ruwa. Ya yayyafa, aka ɗora ƙaya saboda dabbobi, aka kafa fasasshiyar tukunya ta wajen kai. Zan nuna maka wurin.

Yanzu ka gaya mini, a cikin duk wannan wane yanki hoto zai kawo maka? Farin ƙyalle a cikin rami. Kuma ba zai tsaya a wayarka ba, ka fi ni sani. Abokinka zai ce turo mini in sa a sitatus, daga nan sai zauren 'yan ƙauye, sai na 'yan kasuwa, kafin magariba Baba yana hannun mutanen da ba su taɓa gaishe shi ba, tsakanin tallan atamfa da bidiyon barkwanci. Mutumin da ko singileti bai taɓa fita da ita ƙofar gida ba.

Wannan kallon gawa a waya ya zame mana sosa ƙurji: ana jin daɗin susar, miki yana ƙara faɗi. Ka tuna a watan Afrilun 2022, da kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a nan maƙwabtanmu ƙaramar hukumar Shagari, rai 29, yawancinsu matasa masu zuwa neman itace. Shekara na zagayowa, a watan Mayun 2023, wani ya sake kifewa da yaran Dandeji, 15 suka tafi, su ma itacen suka fita nema. Hotuna sun riga labari isowa wayata. Mun kalla, mun yi salati, mun tura gaba. Da a ce kowane mai turawa ya ba da ko naira ɗari, da an sayi rigunan ruwa an ajiye a kowane mashigi. Kallon bai kai mu ga aiki ba, gaba kawai ya kai mu, zuwa hoto na gaba. Kuma ina ji a jikina abin da yake yi mini. Gawa ta farko da na gani a waya ta hana ni cin abinci. Yanzu ina iya gani ina shan shayi, kuma wannan ya fi gawar ba ni tsoro.

Na san abin da za ka ce, don abokan aikina a makaranta sun faɗa mini. Za ka ce ba don hoto ba, da wa zai yarda da abin da ake yi mana? A watan Disambar 2021 da 'yan bindiga suka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni, hotunan ne suka tayar da mutane har aka fita zanga-zanga a garuruwan Arewa. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma iya ture ta gaba ɗaya ba. Inda ake musun kisa, hujja wajibi ce. Sai dai hujja tana da inda ake kai ta, kuma ko a can ana iya rufe fuska. A ƙauyukanmu na Kebbe na san uwar da ta ji mutuwar ɗanta daga bakin yarinyar maƙwabta da ta gane rigarsa a waya. Da can dattijo ake nema mai sanyin baki, ya je ya zauna, ya yi gaisuwa, ya kewaya, ya ce jikin wane ya yi tsanani, sai zuciya ta ɗan shirya sannan a sauke mata. Baba kuwa ba kashe shi aka yi ba, ba mai musun mutuwarsa, ba hukumar da za a kai wa ƙara. A kan shimfiɗarsa ya cika, a gaban matarsa da ƙaninsa.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu a zamanin nan. Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye na bakin daji, an tafi da mijinta, an daina kiran waya, ba gawa ba labari. Ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Ta ce wa Inna, ku kam kun ga naku, kun san inda yake kwance. Inna da ake yi wa gaisuwa ita ta koma tana ba ta haƙuri.

Ka ce mini kana jin kunyar yadda kake kuka, kai namiji. Wa ya gaya maka malamanmu ba su yi ba? Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da faɗin maganar da ba ta dace ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yake kwance nan kusa da mu a Gwandu, ya yi marsiyyar abokansa da suka faɗi a yaƙin Tsuntsuwa a 1804 da na Alwasa a 1805, ya zuba su a Tazyinul Waraƙati. A Tsuntsuwa kaɗai an rasa mutum wajen 2,000, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Nana Asma'u kuwa, da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kusan duk wanda ta rasa sai ta yi masa waƙa: yayanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, har da aminiyarta A'isha. Ba ta ɓoye cewa abin ya yi mata ciwo ba. Amma in ka bi waƙoƙin, halin mutum take lissafawa, wa ya ciyar, wa ya koyar, wa ya sasanta. Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u, da Buhari ɗan Shehu da ya zauna a garin nan na Tambuwal, ba ɗayansu da aka taɓa ɗauka hoto, da rai ko ba rai. Ka je Hubbaren Shehu kowace rana ka ga ko an manta da su.

Su ma fa sun san mutane na son jin labarin kabari, ba su kuma hana su ba. Waƙoƙin wa'azin da makafi ke rerawa a kasuwa, waɗanda kakarmu ke bi tana kaɗi, cike suke da duhun kabari da tambayar mala'iku da zafin ranar tsayuwa, har gashin jikin yaro ya miƙe. Sai dai kowace a ƙarshenta aiki take ba ka: tashi ka yi salla, mayar da abin mutane, daina tauye mudu. Ban haɗa su da wasu masu wa'azin yanzu ba, da za su ba ka labarin kabari filla-filla sai ka rantse jiya suka fito daga ciki, a ƙasan bidiyon kuma an rubuta ka tura wa mutum goma. Wannan kasuwa ce, Allah Ya shirye mu.

Ka tambayi ko za ku yi masa sallar ga'ib a can. Malamanmu na Malikiyya ba sa yi, kuma an riga an sallace shi, jama'a ta taru fiye da zatona. Addu'a ita ce taka, ba ta da nisa.

Zaman makoki an yi shi lafiya, in ka cire 'yar hayaniyar da ka san ba a rasawa. Mun kwana uku a kan tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta ne suka riƙa shigo da abinci, ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Ranar uku Gwaggo ta daka gumba aka raba, sai ɗan Baffa ya ce bidi'a ce, kuma kada ya ji an ambaci bakwai ko arba'in. Gwaggo ta ce tun ba a haifi ubansa ba ake yi. Gardamar nan ta girme su duka biyun. Tun kafin a kafa Izala a 1978 Malam Abubakar Gumi yake sukar irin waɗannan abubuwa, shi kuwa ɗan Gummi ne, nan bayan iyakarmu, ka ga ba baƙuwar magana ba ce a ƙasar nan. Ni ra'ayina, inda ake cin bashi ko a taɓa dukiyar marayu don a ciyar da ƙoshassu, yaron yana da gaskiya. Amma sadaka da addu'a ba ranar da aka hana su, kuma tsohuwar da ta rasa ɗan'uwanta tana bukatar abin da za ta yi da hannunta. Na raba su a kan cewa ba taro ba tanti, kowa ya yi sadakarsa ranar da ya samu. Ba wanda ya gamsu, shi ya sa nake jin na yi daidai.

Sai takardar ajami. Basussuka ne, an jera su da kyau, waɗanda ya biya ya ja musu layi. Saura biyu ƙanana, kuɗin taki da na mai maganin gargajiya, na biya. Shelar Baffa kuma ta kawo mutum ɗaya da ba ya cikin takardar: wani Bafulatani tsoho ya zo da tunkiya a igiya, ya ce shekarar da shanunsa suka mutu Malam ya auna masa dawa bai rubuta ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Mun ce ya bar ta, ya ce shi ba zai je lahira da dawar Malam a wuyansa ba. Ya ɗaure ta a turke ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da ya shafe ka. Kuɗin da kake turo masa na magani da cefane, ashe ba duka yake taɓawa ba. Ya sayi ɗan maraƙi da su ya ba da kiwo, ya rubuta cewa na Auta ne, ajiya ce ta aurensa, ba ya cikin gado. Baffa ya san inda yake.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Da rana tana da ƙarfi saboda mutane, dare ne ba ta barci. Har yanzu in za ta auna tsaba sai ta auna da rabonsa, sai Gwaggo ta rage a ɓoye. Na gaya mata abin da ka nema, ta ce, "Mi za shi yi da hoto? Shi zo in ba shi labari, ni da niz zamna da shi." Don haka ka riƙa kiranta bayan isha'i, lokacin da gida ya yi shiru. Kada ka fara da kuka, ka tambaye ta awaki da jikoki, ita za ta kawo maganarsa da kanta. In ta fara, ka bar ta ta yi, ko da labarin da ka sha ji ne.

Akwai maganar gona da ba za ta jira ba. Dole a yi sharar gonar fadama da ta tudu kafin ruwa ya sauka, kuma Baffa ya ce ba zai kira malamin rabon gado ba sai kana zaune. In ka sallami kayan da ke hannunka ka taso. Ka biyo motar Kwantagora da Yawuri ka sauka nan Tambuwal ka kwana wurina, mu shiga Kebbe tare da safe, don yanzu ba a son tafiyar yamma a wannan hanya. Ka zo wa Inna da man zafi irin wanda ka kawo bara, ta ce shi kaɗai ke yi wa gwiwarta.

Matata da yara suna yi maka gaisuwa da ta'aziyya. Ka gaida mutanenmu na kasuwa, ka yi musu godiyar addu'ar da suka taru suka yi.

Wassalam,
Yayanka